Uku Cikin Sha Biyu

Duk unguwar Sifana ake ce masa, har matarsa idan ya ba ta haushi. Ya haura shekara talatin yana gyaran famfon tuƙa-tuƙa, kuma rijiyoyin burtsatse goma sha biyun da ke shayar da unguwar ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Ya san wadda sai ta yi tari da safe kafin ta kawo ruwa, ya san wadda ke cin roba duk wata uku. Mafaɗaci ne na gaske, amma da ƙarfe yake faɗansa. Sai ka tarar da shi durƙushe a gindin famfo, baƙin mai har gwiwar hannu, yana surfa wa wani noti zagi don ya ƙi kwancewa.

Shekara uku da suka wuce wata Dakta ta zo daga jami'a auna ruwan unguwar. Da yake ba ta san lunguna ba, aka haɗa ta da Sifana. Shi ya zaga da ita, shi ya cika kwalabe, shi ya rubuta lamba a jikin kowace, ɗaya zuwa sha biyu, yadda ƙafarsa ta bi. Dakta ta yi godiya, ta ce zai ji sakamako. Daga ranar bai ƙara jin ɗuriyarta ba.

Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ta tono maganar. Wata ranar Asabar ta same shi a rumfarsa, waya a hannu, fuska ba walwala.

"Baba, aikin nan naku ya fito a wata mujallar masana. Ga sunan Dakta, ga sunan unguwarmu."

"Madalla! Me suka ce?"

"Sun ce uku daga cikin rijiyoyin sha biyu akwai gubar dalma fiye da kima. Wai ta fi yi wa ƙananan yara illa."

Sifana ya ajiye abin da ke hannunsa. "Waɗanne ukun?"

"Nan fa ɗaya. Taƙaitaccen bayanin kaɗai suka bari a buɗe. Lambobin suna ciki, sai an biya kamfanin da ya buga."

Kuɗin ya kusa abin da yake samu a wata, amma ko gardama bai yi ba, ya ce ta biya. Sau huɗu tana gwadawa, sau huɗu shafin yana ƙin katin bankinta. Suka ari na mijinta, suka ari na wani mai kemis, duk kanwar ja ce. Ta rubuta wa Dakta, saƙon ya dawo. Ashe ta bar jami'ar tuntuni, kuma ba wanda ya san inda ta nufa. A ofishin ruwa kuwa aka ba Sifana kujera, aka saurare shi da ladabi, aka ce na'urar awonsu ta lalace tun bara, amma za a duba.

Abin da ke cin ransa shi ne, duk duniya shi kaɗai ya san wace lamba ce wace rijiya. Lamba uku kawai yake nema. Da zai ji su, kafin la'asar ya cire hannuwan famfunan nan ya kulle a rumfarsa.

Ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi ɗakin karatun jami'a. Mai kula da wurin dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya daddanna kwamfuta, ya girgiza kai.

"Malam, wannan mujallar mun daina karɓarta. Ta fi ƙarfinmu."

"Ranka ya daɗe, ba a nan aka auna ruwan ba?"

"A benen can na sama."

"To ni na ɗebo, ita ta auna, ita ta rubuta. Su masu mujallar me suka yi?"

"Sun ba masana sun tace, sun gyara, sun buga. Aiki ne, ban ce ba aiki ba ne. Sai kuma suka sa ƙofa."

"Nawa suka ba ta?"

"Ko sisi. Da ta so a bar shi a buɗe ma, ita za ta biya su, kuma albashinta na wata shida ba zai kai ba."

Dattijon ya ce zai rubuta wa wani abokinsa a wata jami'a ya turo musu aikin, a ba shi sati biyu ko uku. Haka ya dawo gida kamar ya haɗiyi zuciya.

A nan ya tafka kuskuren da har yau yake cizon yatsa a kai. Baƙin ciki ya hana shi riƙe bakinsa, ya fesa wa tela maƙwabcin rumfarsa, kuma kowa ya san bakin tela. Kafin kwana biyu kowane layi ya yanke wa kansa hukunci cewa rijiyarsa ce mai gubar. Masu hali suka koma sayen ruwan leda. Marasa hali suka ɗauki bokitai suka nufi kududdufin bayan unguwa, inda kwatoci uku ke zuba. Wannan kam ba sai Dakta ta auna ba. Cikin sati ɗaya yara biyar suka kwanta da gudawa.

Ranar da aka wuce da na shida asibiti, Sifana ya tsaya a famfon bayan makaranta ya tare matan da ke dawowa daga kududdufi. Ya yi faɗa, ya yi magiya, ya ce tara cikin sha biyu lafiyarsu ƙalau, ruwan da ke kansu kuwa ajali ne tsagwaronsa. Ba wadda ta sauke bokiti.

Wata mai goyo ta ce, "Baba Sifana, in lafiyarta ƙalau, sha mu gani."

Ya kama hannun famfon ya tuƙa. Ya tara tafin hannu ya sha, ya ƙara, ruwa na bin gemunsa. Sai ga bokitai ana tuntsurarwa, layi ya fara haɗuwa. Mai goyon ta kwance zani ta sauko da 'yarta, ta cika kofi, ta kafa mata a baki.

"Sha, uwata. Ai tunda Baba ya sha, ya sani."

Sifana ya buɗe baki zai ce shi ma bai san ko wannan tana cikin ukun ba, sai idonsa ya faɗa kan koren ruwan kududdufin da ke malala a ƙasa. Ya rufe bakinsa, ya ci gaba da tuƙa mata, yarinyar tana sha.