Baba da Takalminsa a Bakin Mota

Jiya a hanyar Tsafe ɗana ya taka totur, motar ta hau rawa. Ban ankara ba sai ga ni ina tuɓe takalmi.

Haka Baba yake yi, tsohon makanikenmu na Gusau, zamanin mulkin Gowon. Ba ya buɗe bonet sai ya fara shiga mota ƙafa ba takalmi.

A zamanin nan, ana gobe zan kai amarya, ƙanwata, Bungudu, Landirobata ta kama karkarwa. Na rantse taya ce. Baba ya ajiye takalminsa a ƙasa, ya shigo da ƙamshin goro da baƙin mai, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙarfe mai zafi, ya lumshe ido.

"Taka totur," ya ce. Na taka, kujera ta girgiza.

"Saki." Na saki, ta yi lif.

"Yaro, da taya ce, ko ka saki ba za ta daina ba. Kuros ɗin farfela ne ya cinye, gaɓar sandar nan da ke juya tayoyi. Da ka tafi haka, da amarya ta kwana a daji."

Jiyan, ɗana ya dubi ƙafafuna yana dariya.

Allah Ya sanyaya ƙasar da ta rufe ƙafafun Baba.