Idon Inna Bintu a Disket

Ɗanƙarami dai sunan ne kawai ƙarami. In ya tsaya a ƙofar shagonsa na Zango, cikin shagon sai ya yi duhu kamar rijiya. Shekara ashirin ya yi yana buga takardu a meri, ofishin magajin gari, da ya aje aiki ya kwaso wata tsohuwar ordinatur, wato kwamfuta, mai tari kamar tsohon jaki. A duk Damagaram ita kaɗai ta rage mai cin disket, ɗan faifan ajiyar nan na da. Sana'arsa ke nan: a kawo masa hoton zamanin da, PCX ko GIF, ya juye shi JPEG don waya ta iya buɗewa. Mata na ce masa mai tada matattu, don duk wanda ya fito a ekran ɗinsa, allon ordinatur, an daɗe da yi masa sadakar arba'in. Shi kam yana jin daɗin sunan, har da gyaran hula.

Wata Alhamis da hantsi Hauwa ta zo daga Droum da disket ƙulle a bakin zane. Hoton uwarta ne, Inna Bintu, wanda 'yan wani furoje na tallafi suka ɗauka don yi mata kati. Babu wani hotonta a duniya, kuma 'ya'yan Hauwa ba su san fuskar kakarsu ba.

Ya yi bisimilla, ya saka. Ga tsohuwa nan cikin farin mayafi. Gogan naka, don burga, bai tsaya kwafe na asali ba, ya juye kai tsaye. Disket ta yi ƙara ƙiiit, ta mutu.

Abin da ya rage a ekran, fuska ce rataye cikin baƙi. Ashe masu katin sun sa duk wani fari ya zama wayam don su liƙa hoton a kan takarda, JPEG kuwa ba ta san wayam ba, sai ta cike gurbin da baƙi. Mayafi ya tafi, haƙora sun tafi. Idanu ramuka biyu.

Masu shayin ƙofar shagon sun rantse gumin Ɗanƙarami ya kai kwata. Ya fara kame-kame, wai laifin kuran ne, wutar lantarki ce ta yi rawa.

"Baba, mayar mata da idonta," Hauwa ta ce a hankali. "Ba na kai wa yara wannan."

Mayafi da haƙora ya shafe su da fari, ba wuya. Ido ya ƙi. Duk wanda ya zana sai ya fito na akuya. Da azahar ta yi, ya ce Hauwa ta kalli waya, ya ɗauke ta hoto, ya yanko idanunta daga ciki ya dasa a ramukan.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce Inna ce, haka take kallonta in ta yi laifi.

Hoton na rataye a ɗakinta a Droum. An ce yaran ba sa satar ƙuli a ɗakin, ko Hauwa na gona. In ta dawo kuma ta san wanda ya taɓa tulu. Ɗanƙarami kuwa yanzu sau uku yake kwafe disket, kuma in Hauwa ta shigo gari ta tsaya gaishe shi, ƙasa yake kallo.