Tuffar Gidanmu ta Misfala

Tarihin noma a Makka ya kasu kashi biyu: kafin mahaifina ya sayo dashen tuffa, da kuma bayan ya sayo. Haka shi ya raba shi, mu kuma muna cin abincinsa, ba mu musa ba.

A Ɗa'ifa ya samo shi, a hannun wani mai sayar da tsirrai da ya ce masa sunan irin "tuffahi", kuma mai aure ne, wato an sarƙa reshensa a jikin wata bishiyar, kamar mangwaro. Ragowar asalin Baba ne ya cike da kansa: kakannin irin daga Sham suke, sun sauka kan duwatsu, suka saba da rana a hankali.

Maƙwabcinmu mai gasa tsire a unguwarmu ta Misfala ya yi dariya. "Alhaji, tuffa a Misfala? Nan ko mutum da ƙyar yake fure."

"Za ka ci ta a gidan nan, ya shaikh," in ji Baba, a gaban duk majalisa. Daga ranar mutuncinsa ya koma cikin rabin durom a kan soro, inda ya dasa ta.

Ni na karanta cewa tuffa ba ta fure sai ta sha sanyin hunturu, na kuwa faɗa masa. Hunturun Makka sunansa kawai muke ji. Sai Baba ya ƙirƙiro nasa: kullum a juye mata ƙanƙara a gindi, ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ma nata ne. Mu muka koma shan ruwan ɗumi. Da ƙaya ta fito, ya ce ai irin na gaske haka yake kare kansa.

Shekarar da ta yi 'ya'ya, koraye shar masu sheƙi, kowanne bai kai ƙwai ba, Baba ya jera su a faranti, ya kira mai tsire. Amma ya fara miƙa wa mahaifiyarsa, wadda ta baro Sakkwato tana budurwa, idonta kuma ya riga ya yi rauni.

"Inna, ke za ki buɗe."

Ta gutsura, ta tauna, ta tofo ƙwallo guda ɗaya a tafin hannu. Fuskarta ta washe.

"Allah ya yi maka albarka! Rabona da ita tun gida."

Mai tsire ya ci uku, bai ce komai ba, ladabin da Baba bai yafe masa ba har yau.

Magarya ce, kuma ba ta son sanyi.