Shekarar da Aka Yi wa Yaya Ummakulsum Aiki

Yayata Ummakulsum malamar firamare ce a Kwaciri, aji uku take koyarwa. Doguwa ce, mai saurin tafiya, mai faɗa in ta ga ƙazanta. Mahaifinmu malamin zaure ne a Fagge, amma shi da kansa ya kai ta makarantar horon malamai. Ta auri Malam Abdulmuminu, akawu a ofishin jirgin ƙasa, suka haifi 'ya'ya huɗu.

A shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci ke shigo da rediyo ko babur gida, ita kuma ta ji ƙullutu a nononta na dama. Wata biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ni ta fara faɗa wa, muna tsintar shinkafa a tsakar gidanta.

"Asama'u, kawo hannunki ki ji wani abu."

Na taɓa, na ji tauri kamar ƙwallon dabino. Na ce, "Yaya, Malam ya sani?"

"Yau zai sani."

Daga asibitin Kano aka tura ta Zariya. Likita ya ce sankara ce, sai an cire nonon, daga baya ta je Legas a gasa wurin da na'ura. Inna ta so a fara gwada na gargajiya. Baba ya ce shi zai riƙe addu'a, likita kuma a bar shi ya yi aikinsa. Malam Abdulmuminu ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Malama, ke muke so a gidan nan, ko me aka rage."

Bayan aikin na tare a gidanta. Abin da ya fi damunta hannun ne, don ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma da shi take rubutu a allo. An koya mata ta riƙa jan yatsu a jikin bango tana hawa a hankali. Kullum da safe, kafin ya tafi ofis, Malam yakan tsaya kusa da ita da guntun alli ya ja layi inda yatsun suka tsaya. Wani satin layin ba ya motsi. Wata rana ta gaji ta jefar da allin ta ce a ƙyale ta. Washegari ya zo da wani.

Akwai Comfort, tela ce a Kasuwar Sabon Gari, 'yar Ibo da ta dawo Kano bayan yaƙin basasa, ita ke yi wa Yaya ɗinki. Ta zo dubiya da kwanon farfesun kifi da wani ƙunshi a jarida. Rigar mama ce ta ɗinka, ta yi wa ɓangaren dama aljihu ta cusa auduga.

"Malama, gwada mu gani."

Yaya ta shiga ɗaki, ta daɗe, sannan ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ƙirjinta.

"Comfort, ai kin mayar min da fiye da abin da aka ɗauka."

Tun daga Zariya ban ji dariyarta ba sai ranar. Ta yi har ta dafe wurin da aka yi mata aikin. Muka zauna mu uku muna zare audugar kaɗan-kaɗan har ta daidaita.

Legas mako shida muka yi, muna sauka a gidan wani ɗan'uwan Malam a Agege. Ta dawo fatar wurin ta ƙone, abinci ba ya shiga. Abu ɗaya take iya sha, zoɓon da Nana, babbar 'yarta, ke daskararwa a sabon firjinsu. Da la'asar sai a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, matan layi su shigo neman ƙanƙara su ɓige da hira. Ta taɓa ce min da can ba ta san maƙwabtanta ba, kullum wucewa take yi da sauri.

A shekara ta gaba ta koma aji. Rabin allo na ƙasa take amfani da shi, ta ce dama nan yara suka fi gani. Ta yi shekara uku tana koyarwa, ta ga shigar Nana makarantar horon malamai, ta yi mata jerin kaya a akwati da hannunta.

A 1979 ciwon ya dawo, wannan karon a ƙashin baya. Ta ce ba za ta sake zuwa Legas ba, kuma ba wanda ya matsa mata. Inna ta dawo gidan, Baba yana zuwa bayan azahar ya yi mata karatu a bakin ƙofa. Ta rasu wata Talata da hantsi, mako biyu bayan ƙaramar salla. Malam bai je ofis ba ranar. Yana zaune a gefen gado yana yanke mata farce, ya gama hannu ɗaya ke nan.