Bututun da Yaya Ya Shayar

Shekarar da na dasa albasa a fadamar Bakura, bututun ƙarfe ɗaya tal ke kawo mini ruwa daga inji zuwa gona. Ranar da muka kwance shi don gyaran injin, muka ajiye shi a gindin tarin karan dawa. Sai wuta ta tsallako daga gonar maƙwabci ta kama karan, bututun na ciki. Yayana, wanda bai iya ganin aiki ya naɗe hannu ba, ya jawo bakin da ya yi ja wur, ya yi ta sheƙa masa ruwa har ya daina tsuwa. Sauran ya huce a hankali cikin toka.

Washegari ganyen albasa ya fara langaɓewa. Muka ɗauki bututun sai Talata Mafara, wurin wani mai walda, Kirista da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa zama ta Zamfara. Bayan doguwar gaisuwa ya goga magagari a bakin da aka jiƙa. Magagarin ya zame, ko ƙwarzane bai yi ba.

"Wa yab ba wanga baki ruwa?" in ji shi.

Yaya ya bugi ƙirji. "Ni na, da hannuna!"

"To Malam, albasa ad da ƙishirwa, ba ƙarhe ba."

Ya ce ƙarfe in ya yi ja aka sheƙa masa ruwa yana yin tauri, amma irin taurin tukunyar ƙasa. Ya ɗan buga masa guduma, sai ga tsaga ta bayyana. Wallahi na ɗauka albasata ta tafi. Da ya koma inda bututun ya huce cikin toka, magagari ya ci. Ya ce nan ya yi laushi kaɗan, amma zai riƙe walda, zai kuma ɗauki ruwan gona. Kamu ɗaya kawai ya yanke daga bakin da aka jiƙa.

A gona bututun ya gaza kaiwa, daidai da kamun nan. Yaya ya ɗauki fartanya ya haƙa 'yar kwata ya cike giɓin. Aka tada inji, ruwa ya bi kwatar ya shiga layin farko, na zauna daɓas a kan kunya ina hamdala.

Yaya ya share gumi ya dube ni. "Kak ka ce komi, ƙane," in ji shi. "Wanga karon albasa nib ba ruwa."