Turbar da Malam Sawu Ya Buɗe

Shekara goma sha tara ya yi yana gadin gandun daji kafin gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Da aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka turo shi makarantar sakandare ya koya wa yara kula da namun daji. Aka ba shi wani tsohon ɗakin ajiya mai taga ɗaya, ya jera kayansa a kan katako: ƙahon gada, ƙayar beguwa, da sawun dabbobi da ya ɗauko da farin siminti. Ba a yi sati ba ɗalibai suka laƙaba masa Malam Sawu, don ko tafiya yake yi idonsa na ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Mutum ne mai tsadar dariya, kuma shi da allo ba sa ga maciji. "Gani ya kori ji," abin da yake faɗa ke nan kullum. A ganinsa yaron da bai taɓa kallon dabba tana numfashi ba, ba zai ji zafin mutuwarta ba.

A bayan makarantar akwai fadama, a cikinta kuwa gauraki biyu, mace da namiji, su kaɗai suka rage daga garken da tsofaffi ke ba da labari. Damina uku yana leƙensu daga kan tudu da madubin hangen nesa, ba su yi ƙwai ba. A ta huɗu ya hango macen ta yi kwanci a tsakiyar ciyawa, da ta miƙe kuma ya ƙirga ƙwai uku. Ya shiga gida baki har kunne.

"Baban yara, lafiya?" in ji matarsa. "Ranar da na haifi auta ma ban ga haƙoranka haka ba."

"Ke dai bari. Uku ne cif."

"To, Allah ya raya maka jikoki."

Ya san ƙa'ida sarai, shi ya sha koyar da ita: ba a kusantar sheƙa. Amma 'yan ajin ƙarshe saura musu wata guda su tafi, kuma ya so su gani da idonsu ko sau ɗaya. Sai ya yi dabara irin ta gwanaye. Don kada a tattake ciyawa da yawa, ya jera su layi ɗaya, su talatin da biyu, kowa ya sa ƙafarsa daidai inda na gabansa ya ɗaga tasa. Ba tari, ba magana. Suka tsaya nesa kaɗan, suka kalla, suka dawo yadda suka je. Wasu har da hawaye. Bai taɓa jin daɗin aikinsa kamar ranar ba.

Bayan kwana uku ya hau tudu da safe, ya ga tsuntsayen suna shawagi suna kuka, ba mai sauka. Ya gangara yana ɗingishi. Sheƙar ta watse, sai ɓawon ƙwai a cikin taɓo. Ya duƙa ya karanta ƙasa kamar yadda ya saba, ita kuwa ba ta ɓoye masa komai ba. Ƙafa talatin da uku a wuri ɗaya ai hanya ce. Ciyawar da ta hana karnuka shiga shekara da shekaru ta buɗe musu ƙofa, ga sawunsu nan a kan na takalminsa tun daga bakin fadama har sheƙa. Ya daɗe a tsugune yana jin kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Shugaban makaranta ya ce a rubuta koke a kan masu sakin karnuka.

"Ranka ya daɗe, kare hanya ya gani ya bi," in ji Malam Sawu. "Wanda ya yi hanyar ne mai laifi."

Ya shiga aji ya tsaya a gaban allo, ya faɗa musu komai, bai rage ba. Ya ce su ba su da laifi, umarni suka bi. Can wata ɗaliba daga layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, za su dawo su sake yin ƙwai?"

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "In ma sun yi, mu ba za mu sani ba, don ba wanda zai je dubawa."

Shekara bakwai ya ƙara yana koyarwa a makarantar. Kowace damina sababbin ɗalibai sukan roƙe shi ya kai su fadama, shi kuwa sai ya ja kujera ya zauna, ya ba su labarin abin da ya yi.