Jikan Inna Ladi a Cikin Faifai

Har gobe ban manta da ranar da Inna Ladi ta shigo ofishinmu a Kebbe da ƙullin zane a hannu ba. Lokacin ni ke kula da kwamfuta, ita kuma mai sayar mana da fura ce. Ɗanta yana karatu a ƙasar waje, an yi masa haihuwa, sai ya aiko da faifan ajiya mai ɗauke da bidiyon jaririn.

"Ɗana, buɗe mini in ga jikana," in ji ta.

Na jona faifan. Kwamfutar ta ce ba ta gane shi ba, wai ko in goge shi ta shirya shi sabo? Na janye hannuna, don da na danna "eh", shi ke nan, jika ya tafi.

"Mi ta ce?"

"Inna, ta ce ba ta ga kowa ba."

"Ƙarya ta kai! Wagga na'ura makauniya ce."

Na kira abokina Sani mai shagon hoto a Tambuwal. Ya yi dariya ya ce kada in taɓa komai. Kowace irin kwamfuta da yadda take jera ajiyarta a faifai. Tamu Windows ce, ɗan Inna kuwa da wata iri mai suna Mac ya shirya nasa. Kamar ka miƙa wa ɗan boko zalla takardar ajami ne: rubutu na nan, karatun ne babu. Sani ya ce shi yana da Mac, in kawo.

Na nemi izinin oga, na tada babur. Inna ta ɗare baya, ta ce ba a kai jikanta Tambuwal ba da ita ba. Duk ramin da muka faɗa sai na sha faɗa.

Sani na jonawa, sai ga jariri ya cika allo yana hamma. Inna ta rangaɗa guɗa har masu shagon kusa suka leƙo.

"Angona! Kai, wanga hanci na kakanka ne, Allah ya jiƙan shi!"

Tana dariya tana share hawaye, wallahi ni ma sai da idona ya cika. Sani ya kwafe mata a faifan da kowace na'ura ke karantawa.

To ku sabbin ma'aikata, in kwamfuta ta ce babu komai, ku dakata ku tambaya kafin ku goge. Sau da yawa ita ce ba ta iya karatun ba, kuma abin da ke ciki jikan wata ne.